Kekunan Ɗinki a Wayar Mai Aski

Da hantsi aka ji salatin 'Yar Zare daga shagonta, salati mai ƙarfi, har mai aski ya fito a guje ya bar kan mutum rabi a aske. Kafin ka ce kwabo mutanen benen da shagon yake ciki sun cika ƙofa. Wasu sun ɗauka gobara ce, wasu sun ɗauka allurar keke ce ta huda mata yatsa. Ita kuwa tana zaune gaban kwamfutarta, tef ɗin awo a wuya, tana nuna allon da hannu.

Mai Sawu ne ya iso ƙarshe, don shi ba ya gudu. Gyaran waya yake yi a shagon lungu, amma ba da gyara ya yi suna ba. In aka sace wa mutum waya, wurinsa ake zuwa, ya bi ta daga hannu zuwa hannu har ya tsaya a ƙofar wanda ya ɗauka. Mutum ne gajere mai tumbi, gilashin duba ƙananan ƙarafa kullum a goshinsa, kuma ya san ya iya aikinsa, bai taɓa ɓoye wa kowa hakan ba.

"Ku ba ni hanya," ya ce. "'Yar nan, me aka ɗauke?"

"Kawu, sun rufe min asusu."

Kowa a benen ya san labarin asusun. 'Yar Zare tela ce, amma shekaru ke nan tana rubuta darussan yanka da ɗinki a shafinta na intanet, tana sa hotuna, mata daga wurare masu nisa suna karantawa. Wani kamfanin talla yana liƙa tallace-tallace a gefen rubutun, duk mai karatun da ya danna ɗaya sai a ba ta ɗan wani abu. Da wannan ɗan wani abun ta kama shago nata na kanta. Yanzu kamfanin ya aiko cewa an yi ta danna tallar da gangan, dannawar ƙarya ba ta masu saye ba, don haka sun dakatar da ita. Sun ba ta dama ɗaya tak ta yi bayanin abin da ya faru da matakin da ta ɗauka. In bayanin bai gamsar da su ba, sun rufe ke nan har abada.

"Ni ban taɓa danna tallata ba, wallahi," ta ce. "Wani ne ya yi don a rufe ni. Kawu, ka nemo min shi. Na rantse ko wane ne sai na kai shi wurin 'yan sanda da hannuna."

"Kada ki rubuta musu komai tukuna," in ji Mai Sawu. "Ba a amsa irin wannan da kuka. Ki bar min shi, ba ɓarawon da ke tafiya a iska."

Ya ja kujera ya duba inda shafin ke nuna daga ina masu karatu suka shigo. Bai daɗe ba ya ɗago kai yana murmushi, murmushin nan nasa da ke ba mutane haushi. Dannawar duk daga unguwar nan take, daga wayoyi daban-daban masu yawa, kuma kusan kullum da tsakar rana. Da ya faɗi haka sai kowa ya soma satar kallon na kusa da shi. Can mai kemis ta ce abin da ke bakin kowa.

"To ai ba sai an wahala ba. Dogo ne."

*

A bakin ƙofar benen Baba Mai Caji ke kafa teburinsa. Shi ne mahaifin 'Yar Zare. Wutar unguwar takan ɗauke da rana, shi kuma yana da ɗan janareta da wani katako mai jerin soket, mutane su bar wayoyinsu su dawo su karɓa. Tsoho ne mai tsare gida, ba ya dariya sai da dalili, kuma tun ranar da 'yarsa ta buɗe shafin yake kiransa wasan yara. Duk hayaniyar nan ko tashi bai yi ba.

"Baba, ka ji abin da ya sami 'yarka?" in ji Mai Sawu.

"Na ji. Tun farko na ce ta tsaya kan kekenta, ta ƙi." Ya soke wata waya a caji, ya zare, ya sake sokewa. "Wai su kamfanin, ba dannawar suke so ba?"

"Suna so, amma ta mai son saye. Su masu kaya biya suke yi kan kowace dannawa. In mutum ɗaya ya zauna yana ta latsawa ba ya sayen komai, sata ce a wurinsu."

Baba ya kalli rigar Mai Sawu ya ce, "Telanka bai bar rarar ɗinki a wuyan nan ba, shi ya sa yake shaƙe ka."

Mai Sawu ya yi dariya ya wuce, yana cewa a ransa tsufa ke nan, ana maganar asusu shi yana maganar wuyan riga.

*

Dogo yana hawa na sama, a wani ɗaki mai labule shuɗi da fitilar ɗaukar hoto. Shi ma yana da shafin kayan sawa, kuma bara shi da 'Yar Zare sun yi cacar baki a tsakar benen saboda ya kwashi hotunanta ya sa a nasa. Mai Sawu ya same shi ya miƙe ƙafafu bisa tebur, wayarsa a manne da batirin caji na aljihu kamar jariri a goye.

"Na san za ka zo," in ji Dogo. "Duk abin da ya lalace a benen nan ni ne."

"Kai ka kwashi hotunanta."

"Na kwasa, na kuma cire, na ba da haƙuri. Malam, ni ma da wannan kamfanin nake ci. Na san yadda suke bin diddigi. In zan yi mata haka, sai in yi daga unguwar da nake kwana? Ka ɗauke ni wawa?"

"Ban ɗauke ka wawa ba, shi ya sa na fara da kai. Mai wayo ne zai tara wayoyi da yawa."

Dogo ya miƙa masa wayar ya ce ya duba duk inda ya ga dama. Mai Sawu ya duba, bai ga komai ba sai tallar motoci da takalman da Dogo ba zai iya saye ba. Ya sauko bai wanke shi ba, bai kuma kama shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yaron bai tsorata ba, haushi kawai yake ji, kuma Mai Sawu ya daɗe da sanin bambancin biyun.

*

Washegari ya shiga wurin mai aski a rage masa gemu, don nan ne labarin benen ke taruwa. Ya tarar da shi fuska a murtuke.

"Gidana ba lafiya," in ji mai aski yana wasa aska. "Maiɗakina ta ɗauki wayata za ta kira ƙanwarta, sai ga tallar keken ɗinki. Ta buɗe wani wuri, keken ɗinki. Ta buɗe labarin ƙwallo, zare da almakashi. Ta ce in gaya mata wace tela nake shirin saya wa keke. Ni da ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba!"

Mai Sawu ya riƙe hannun da ke riƙe da askar.

"Ba ni wayar."

Ya san abin da mai aski bai sani ba. Talla takan bi mutum. Wayar da ta danna tallar keken ɗinki sau ɗaya, sai kekuna su yi ta binta duk inda ta shiga, balle wadda ta danna sau da yawa. Kuma irin waɗannan tallace-tallacen ne ke gefen rubutun 'Yar Zare. Ya duba tarihin shafukan da aka buɗe, ya tarar an share shi tas. Wannan ya ƙara masa daɗi.

"Ka share sawunka," ya ce, "amma kekuna sun biyo ka gida. Nawa Dogo ya ba ka?"

Mai aski ya yi rantsuwa har da ta kakanninsa. Ya ce shi bai ma san inda ake share tarihi ba, bai san waya na da tarihi ba. Ana cikin haka makaniken da ke jiran layi ya zaro tasa wayar a sanyaye ya ce shi ma fa kekunan nan sun dame shi. Mai gadin benen ya ce shi tallar leshi ce ke binsa. Kafin azahar Mai Sawu ya duba wayoyin rabin benen, ya tarar da kekuna a mafi yawansu. Ta mai kemis ce kawai da wasu 'yan kaɗan ba su da komai.

Nan fa benen ya rikice. Mai kemis ta ce dama ta san hassada ta yi wa mutanen nan katutu. Makanike ya ce ai mai wayar da ta fi tsabta ita ce abar zargi. 'Yar Zare ta rufe shagonta ta ƙi gaisawa da kowa, kuma wannan ne ya fi ci wa Mai Sawu rai, don yarinya ce mai fara'a. Amma bai yarda cewa mai gadi da makanike da mai aski sun haɗa baki ba. Mutanen da ko kuɗin gyaran famfo ba su taɓa yarda da juna a kansa ba, ina za su iya haɗa makirci.

*

Ya koma shagonsa ya zauna, ya sauke gilashin daga goshi ya goge. Yana da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da yake jin rediyo da ita in yana aiki, ba ya kulle ta don ba komai a ciki. Ya buɗe ta zai kama tasha, sai ga keken ɗinki fari sol ya cika allon, an rubuta rangwame a ƙasa.

Ya daɗe yana kallon keken. Shi dai ya san bai taɓa buɗe shafin 'Yar Zare da wannan wayar ba. Ba shi da yaron shago, ba ya ba kowa aro. To yaushe ta taɓa barin hannunsa? Sai ya tuna makon da janaretansa ya lalace, ya riƙa kai ta caji bakin ƙofa.

Daga nan komai ya jeru. Tsakar rana, lokacin da wuta ke ɗaukewa. Dogo da batirinsa na aljihu. Mai kemis da wayarta mai buɗewa da yatsa. Da tambayar nan, wai ba dannawar suke so ba. Ya buɗe shafin a kwamfutarsa ya nemo darasin wuyan riga, ya ga inda yarinyar ta rubuta cewa telan da bai bar rarar ɗinki a wuya ba zai shaƙe mai riga.

Mai Sawu yana son ranar kama ɓarawo fiye da yadda yake son abinci, amma ran nan bai ji daɗin komai ba. Ya taka zuwa bakin ƙofa.

"Baba, da la'asar zan tara mutane a shagon 'yarka. Ka zo."

Tsohon bai ɗago ba. "Zan zo," ya ce.

*

Suka cika shagon, wasu a kan benci, wasu a jingine da bango tsakanin rigunan da aka rataye. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Baba ya zauna a kujerar kusurwa, hularsa a gwiwa. Mai Sawu ya sa kowa ya ajiye wayarsa a kan teburin yanka, ya ɗora tasa mai fasasshen gilashi a cikinsu, sannan ya raba su kashi biyu.

"Waɗannan kekuna na binsu, waɗannan ba sa binsu. Ga tawa nan cikin masu laifi, don kada wani ya ce na ware kaina." Aka ɗan yi dariya. "Dogo, ina kake cajin wayarka?"

"A aljihuna."

"Ɗauki abarka, ba ruwanka. Mai kemis, taki da me take buɗewa?"

"Da yatsana. Ko mijina ba ya iya buɗe ta."

"Allah ya ba shi haƙuri. Ɗauki. Mai aski, taka fa?"

"Ni ban sa mata komai ba. Mantawa nake yi da lamba."

Makanike ya ce shi ma haka, mai gadi ya ce shi ma. Mai Sawu ya dafa tarin da ya rage.

"Duk waɗannan ba su da makulli. Masu su ba su danna komai ba, na yarda da rantsuwarsu. Wani ne yake samun su a hannunsa da tsakar rana, ya buɗe shafin, ya danna, ya share tarihi, ya mayar. Ya yi tsabtar aiki, abu ɗaya ne bai sani ba, cewa talla na bin waya. Saura tambaya ɗaya. In wuta ta ɗauke, ina kuke kai su?"

Mai aski ya saci kallon kusurwar da Baba yake. 'Yar Zare ta kalli wayoyin, ta kalli Mai Sawu, ta ƙi kallon kusurwa.

"Kawu, ka sake dubawa," ta ce. "Ka yi kuskure."

"Bai yi kuskure ba," in ji Baba. Ya miƙe tsaye ya sa hularsa. "Ni ne."

"Baba, kai? Kai da ka ce wasan yara ne? Har ka ƙi shi haka?"

"Ƙi?" Muryarsa ta tashi, sannan ta faɗi. "Na ji kina gaya wa ƙawarki duk dannawa ɗaya ana ba ki wani abu. Ina ganin ki kina ɗinki da rana, kina rubutu, idanunki sun yi ja. Ni ba ni da abin ba ki. Ga wayoyi a gabana suna kwance ba sa komai. Na ce to, ga inda zan sa hannu ba tare da kin sani ba." Ya juya ga mutane. "Na taɓa muku kaya ba izini. Wannan laifina ne, ba na yarinyar ba. Wanda zai daina kawo min caji ya daina."

Makanike ya soma faɗa, kuma da gaskiyarsa, ya ce amana aka ba shi. Mai aski ya katse shi ya ce shi duk ya yafe, da sharaɗin Baba ya bi shi gida ya yi wa maiɗakinsa bayanin kekunan nan da bakinsa. 'Yar Zare ba ta yi dariya ba. Hawaye take yi, kuma ita kanta ba ta san na haushi ne ko na me ba.

"Da ka tambaye ni, Baba. Kalma ɗaya."

"Da na tambaya, da kin san ina dubawa."

Mai Sawu ya gyara murya. "Ba dannawa kawai yake yi ba, 'yar nan. Jiya ya karanta min darasinki na wuyan riga da ka, bai tsallake kalma ba."

Ta kalli mahaifinta. Tsohon ya kau da kai yana duban wata riga a bango kamar shi zai saya.

"Kin rantse za ki kai mai laifi wurin 'yan sanda," ya ce. "Ga ni. Amma ki fara rubuta wa mutanen nan. Ki ce mahaifinki ne ya yi musu sata, ke ba ki sani ba."

"Ba zan rubuta sata ba."

"Ki rubuta abin da ya faru yadda ya faru," in ji Mai Sawu. "Gaskiyar nan ta fi duk ƙaryar da za ki ƙirƙira ƙarfi, kuma sawun da ke hannunsu zai dace da ita. Sun tambayi mataki. Baba, daga yau duk wayar da za a bar maka, mai ita ya kashe ta a gabanka."

"Na yarda."

'Yar Zare ta share fuska ta nufi bakin ƙofa, ta ba Dogo haƙuri a gaban kowa. Ya ɗan yi fuska na ɗan lokaci don kada a ce ya sauko da wuri, sannan ya ja kujera ya ce ta matsa, ya san irin bayanin da mutanen nan ke son gani. Maganar 'yan sanda kuwa ba wanda ya sake ɗaga ta.

*

Amsar ta daɗe ba ta zo ba, har makanike ya huce ya dawo da wayarsa caji, a kashe. Mai Sawu kuwa duk wanda ya tambaye shi sai ya ce za a buɗe, kamar shi ne mai kamfanin. Ran da ta zo yana bakin ƙofa yana karɓar tsohuwar wayarsa, wadda yanzu ya sa wa lamba. Kamfanin ya janye abin da dannawar ƙarya ta tara, ya yi gargaɗi cewa ba za a sake ba da wata dama ba, ya buɗe asusun.

Wannan karon 'Yar Zare ba ta yi salati ba. Ta fito da wayarta a hannu ta tsaya gaban teburin caji.

"Baba, sun buɗe. Ga kuma sabon darasi na sa yau, na aljihun wando. Ka duba min ko na yi kuskure."

Ta miƙa masa. Tsohon ya kalli wayar, ya kalli 'yar tallar da ke walƙiya a gefen rubutun, sai ya mayar da hannayensa biyu baya ya harɗe su gam.

"Ke riƙe," ya ce. "Matso da ita kusa, ni karantawa zan yi."